Ruwan Tsaunukan Pitowa: Me Ke Hana a Tare Shi Tun Daga Sama?

Pitowa gari ne a arewacin Kamaru da ke kimanin kilomita 15 daga Garwa, a kan babbar hanyar da ta nufi Marwa, a gindin tsaunin Tingilin. An san shi da kasuwar Lahadi da noman auduga da albasa. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara yakan kai wajen milimita 1,000, wato kusan ninki biyu na abin da manomin Maraɗi ke samu. Duk da haka, a watan Agusta mutane kuka suke da ambaliya, a watan Maris kuma mata na tonon yashi a busasshiyar ƙorama suna jiran ruwa ya tsattsafo. Ashe ba ƙarancin ruwa ne ciwon ba. Ruwan yana zuwa ne cikin wata biyar, ya gangaro a guje, ya kwashi ƙasar noma ya zuba a kogunan Mayo Kebbi da Binuwai, ya wuce Najeriya.

Hanya biyu ake bi wajen tunkarar wannan matsala. Ta farko ita ce ta siminti da ƙarfe: dam, kwalbati, ganuwar bakin kogi, rijiyar burtsatse. Ta biyu ita ce a sa ƙasa da itace da ciyawa da dutse su riƙe ruwan a inda ya sauka, ya nutse kafin ya tara ƙarfi. Masana sun daɗe suna yabon hanya ta biyu, musamman a ƙasar tuddai, saboda arha da ɗorewa. To, in haka ne, me ya sa ba ta game ko'ina ba? Amsar ba ta cikin dabarar kanta. Tana cikin tambayoyi uku: gonar ta wane ce, wa zai yi aikin, wa zai ci amfanin.

Yadda abin yake aiki

Idan ruwa ya sauka a gangaren da aka share, ɗigonsa na dukan ƙasa har fuskarta ta toshe ta zama faƙo. Daga nan ba ya shiga, sai gudu. Ƙananan zirare su haɗu su zama kwazazzabo, kwazazzabo ya yi ta cin gona yana hawa sama kowace damina. Maganin shi ne a rage wa ruwan gudu.

Mafi sauƙi shi ne jeren duwatsu. Ana samun dogon tiyo mai haske a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna masu alama. Mutum biyu su riƙa matsawa a gona, duk inda ruwan ya daidaita a bakin nan biyu a kafa turke. Haka ake gano layin da ba shi da gangara. Sai a ja ɗan rami marar zurfi a bin turakun, a kwantar da manyan duwatsu a ciki, a cusa ƙanana a tsakaninsu. Ba a son ya toshe ruf, so ake ruwa ya tsaya jim kaɗan, ya ajiye laka da tarkacen ganye, ya tace ya wuce a hankali. Bayan damina biyu ko uku za a ga ƙasa mai laushi ta taru a bayan jeren, dawar da ke kusa da shi ta fi ta tsakiyar gona tsawo da duhun ganye. Inda babu dutse, ana barin zirin ciyawar gamba ko jema ya yi wannan aikin.

A cikin ƙorama kuma ana gina ƙananan shingaye na dutse a jere, kowanne ƙasa da na samansa. Ba tafki ake nema da su ba. Yashi ne ke taruwa a bayansu, ruwa ya ɓuya a cikinsa inda rana ba ta shansa, rijiyoyin da ke kusa su daɗe ba su ƙafe ba. Sai kuma itatuwan gona, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya.

Ilimin gida ne

Ba wanda zai koya wa mutanen tsaunukan Mandara wannan sana'a. Mafa da Mofu da Podoko na kewayen Mokolo da Koza da Mora sun shafe ɗaruruwan shekaru suna sassaƙa duwatsunsu mataki-mataki, tun daga gindi har ƙoli, suna noma dawa da gero a gangaren da akuya ma sai ta yi hankali. Kafin kowace damina iyali kan fita su mayar da duk dutsen da ya zame. Suna ɗaure sa a ɗaki su tara takinsa, su kai gona a kwando. A ɓangaren Najeriya na waɗannan tsaunuka, hukumar UNESCO ta sa Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma matakalan gonakinta na cikin dalilan. Su ma Fali na Tingilin sun san zaman dutse tun zamanin da suka hau shi don tsira daga mahaya dawaki a ƙarni na 19.

Abin lura shi ne yadda ilimin ya ƙi bin masu shi da suka sauko. Bayan samun 'yancin kai a 1960, hukuma ta matsa wa mazauna duwatsu su dawo fili. Daga shekarun 1970 kuma aka buɗe shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, aka riƙa kwaso iyalai daga Mandara da sauran sassan Arewa Mai Nisa masu cunkoso ana ba su daji su sare su noma auduga. Wasu dubbai suka biyo baya da ƙafarsu. Mutumin da kakansa bai taɓa barin dutse ɗaya ya zame ba, da ya iso kwarin Binuwai sai ya share daji ƙal, ya noma shi har ya gaji, ya matsa gaba. Hannun bai manta ba. Yanayin zaman ne ya sauya: a kan dutse gonar tasa ce ta gado kuma babu wata, a fili kuwa ƙasa na da yawa amma ba tasa ba ce. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar sauran matsalolin.

Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko mallakar ƙasa. A dokar filaye ta 1974, duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana ƙarƙashin kulawar gwamnati. A aikace kuwa, a jihar Arewa lamiɗo ne da lawanai da jaurawansa ke ba da gona, su kuma karɓi zakka bayan girbi. Baƙo da yawa aro ko haya suke noma, wani lokaci na shekara ɗaya tak. A al'ada dasa itace alama ce ta da'awar mallaka, don haka mai gona ba ya yarda ɗan haya ya dasa. Shi kuma ɗan haya ya san in ya jera duwatsu gonar ta yi kyau, baɗi za a ƙara masa kuɗi ko a karɓe ta a ba wani. Wa zai yi wahalar rani biyu a kan haka? Dokar gandun daji ma ta daɗe tana ƙara wa abin nauyi, domin manomi na tsoron in ya bar itace ya girma a gonarsa, ranar da ya sassabe reshe ma'aikacin daji zai ci shi tara. Sai ya ga gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Na biyu ƙwadago. Aikin dutse na rani ne, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Dutse ba ya kai kansa gona, sai da amalanke ko a ka. Kuma daidai lokacin ne samari ke tafiya ci-rani Garwa da Yawunde da Duwala, ko su hau babur suna kabu-kabu, ko su nufi ramukan zinariya. Ribar jeren dutse tana zuwa ne a hankali, kuɗin babur kuwa da yamma ake ƙirga shi. Gidan da rumbunsa ya ƙare a watan Mayu ba ya lissafin shekara uku. Mata su ne suka fi kowa shan wahalar ƙafewar rijiya, su ne kuma ke ɗaukar duwatsun idan aikin gayya ya tashi, amma ba safai ake zama da su ba ranar da ake yanke inda za a gina shinge.

Na uku dabbobi da wuta. Kwarin Binuwai matattarar shanu ce, kuma bisa al'ada da zarar an kwashe amfani gona ta zama ta kowa. Masu binciken noma sun gwada wata dabara a yankin auduga, ta barin kara da ciyawa su lulluɓe gona a yi shuka a cikinsu ba tare da huɗa ba. A filin gwaji ta yi kyau ƙwarai, ruwa na shiga, ƙasa na farfaɗowa. A ƙauye kuwa shanu sun cinye karan tun kafin Janairu, abin da ya saura wutar daji ta lashe. Ba za a ga laifin makiyayi ba: noma ya cinye burtali da makiyaya, sannan fiye da kashi 40 cikin ɗari na jihar Arewa gandun namun daji ne da yankunan farauta, irin su Binuwai da Faro da Buba Njidda, inda aka hana shi shiga. Duk shirin da ya tsara gona ya manta da saniya, ya tsara rigima ne.

Na huɗu, kuma mafi zurfi, shi ne rabon wahala da amfani. Wanda ke kan tudu shi zai yi aikin, amma kaso mai yawa na ribar yana gangarawa ga mai lambun albasa a fadama, da mazaunin unguwannin bakin kogi a Garwa, da masu samar da wutar lantarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982 a kudu da Garwa, tana da ƙarfin megawat 72, kuma ita ce ginshiƙin wutar jihohin arewa uku. Duk lakar da ta baro gonakin da ke samanta a cikinta take kwanciya, tana rage mata wurin ajiye ruwa. A 2021 ruwanta ya ja baya har aka shiga rabon wuta mai tsanani daga Gaundare zuwa Marwa. Tashar jiragen ruwa ta Garwa, wadda a da jirage ke isowa daga Najeriya da damina su yi lodin auduga da gyaɗa, yau yashi ya cike ta. Duk da haka babu wata hanya da ko sisi daga kuɗin wuta ko na famfo ke komawa ga manomin da zai iya rage wannan laka.

Na biyar tsarin kuɗi da hukumomi. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta sa Shugaba Paul Biya ya zo Garwa da kansa a watan Satumba, Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 don gyaran madatsar Maga da ganuwar kogin Logon. A 2020 ya amince da dala miliyan 200 don noman rani a ƙasan Lagdo. Ayyuka ne masu amfani, amma suna nuna inda manyan kuɗi suka fi saurin zuwa. Dam yana da ɗan kwangila, yana da ranar buɗewa, ana ɗaukar hotonsa. Jeren duwatsu dubu goma a gonaki dubu goma ba shi da ko ɗaya. Ga shi kuma ruwa na wata ma'aikata, noma na wata, kiwo na wata, daji na wata, muhalli na wata, alhali gangare ɗaya ne. Shirye-shiryen masu ba da tallafi shekara huɗu ko biyar suke yi, itacen gawo kuwa sai ya haura goma kafin a fara morarsa sosai.

Na ƙarshe tsaro. Tun 2014 hare-haren Boko Haram sun tashi ƙauyuka da yawa a Mayo Canaga da Mayo Saba. Matakalar dutse ba ta jure rashin mai ita: damina kaɗan ba gyara, sai ta fashe a wuri ɗaya, ruwa ya bi ta nan ya rushe na ƙasa da ita. Waɗanda suka gudu kuma sun ƙara matsi a kan itace da filayen inda suka sauka. A kudancin jihar Arewa satar mutane don kuɗin fansa ta sa makiyaya da manoma barin wurarensu.

Abubuwan da ke taimakawa

Yankin na da abin da wurare da yawa ba su da shi, wato kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa. Malaman gonarsa da ƙungiyoyin manoman auduga sun kai kusan kowane ƙauye. Ta wannan hanya aka gudanar da wani shirin kula da ƙasar noma daga 1994 da tallafin Faransa, sannan shirin Ruwa, Ƙasa da Itace ya gaje shi daga 2002. An auna gonaki an ja jeren duwatsu da zirin ciyawa, an gina shingayen ƙorama. Darasi mafi daraja ya fito ne daga gawo. Maimakon a raba dashe daga gandun reno, sai aka ce wa manomi ya bar wanda ya tsiro da kansa a gonarsa. A shafa masa fenti, a dawo a ƙirga, a biya shi sefa 100 a kan kowane ɗaya cikin shekara uku. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma an tsirar da 'ya'yan gawo fiye da miliyan ɗaya. Fentin nan ya yi aikin da ya fi kuɗin, domin ya zama shaida ga kowa, har da ma'aikacin daji, cewa itacen nan da mai shi.

Abin da ya faru a ƙasar Hausa ta Nijar ya tabbatar da haka. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture suna sassabe shi ya zama itace, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, abin ya bazu har Damagaram, ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A tuddan Adar kuma, shirin Keita da aka fara a 1984 da ramukan tassa na yankin Tawa sun mayar da faƙo gona, har aka riƙa sayen faƙon da a da ba mai so. Inda manomi ya tabbata abin da ya raya nasa ne, ba ya jiran a roƙe shi.

Abu na biyu shi ne riba ta kusa. Shingen ƙorama ya karɓu a ƙauyukan Mandara, inda ƙungiyoyin coci da na raya karkara suka yaɗa shi tun shekarun 1980, saboda mata sun ga rijiya ta kai su Afrilu maimakon ta ƙafe a Fabrairu. Gani ya kori ji. Gamba tana ba da zana da jinka da abincin dabba a shekarar farko. Hikima ita ce a fara da abin da ke biyan mutum bana, sannan a ɗora masa na shekara goma.

Na uku yarjejeniyar gari. Inda jauro da arɗo da shugabannin manoma da magajin gari suka zauna suka shata burtali, suka sa ranar sakin dabbobi, suka hana sara a bakin ƙorama, aikin yakan tsaya. Haka nan takardar haya mai sauƙi, ta shekara biyar ko goma, da sa hannun mai gona da ɗan haya da shaidar jauro, tana iya yin abin da takardar mallaka mai tsada ba ta yi ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ba gundumomi irin Pitowa hurumi a kan ruwan sha da kula da albarkatun ƙasa, ko da yake kuɗin bai bi hurumin yadda ya kamata ba.

Na huɗu shi ne na ƙasa ya biya na sama, kuma an gwada shi a wasu wurare. Birnin New York ya ƙulla yarjejeniya a 1997 da mazauna tsaunukan Catskill, yana kashe kuɗi a kan gonaki da dazuzzukansu maimakon gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. A Kenya an kafa asusu a 2015 wanda kamfanoni da masu amfani da ruwan Nairobi ke zuba wa kuɗi don taimakon manoman saman kogin Tana. Binuwai ma tana da masu irin wannan buƙata, har a ƙetaren iyaka. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Kowane karo ana nuna Lagdo da yatsa, ana tuna madatsar Dasin Hausa da Najeriya ba ta gina ba a jihar Adamawa. Ba a cika tuna cewa ruwan Mayo Kebbi da na Faro a ƙasan Lagdo suke shiga Binuwai ba, babu ƙofar dam da ke tare su. Kamaru da Najeriya duk mambobi ne a Hukumar Kogin Neja, kuma nan ne ya dace a yi maganar tuddai, ba ta ƙofofin dam kaɗai ba.

Iyakar abin

Kada a yi wa dabarar ƙarin gishiri. Jeren dutse ba zai tare ruwan kwana uku a jere ba, gawo ba zai ba Garwa wuta ba, kuma garin da ke girma kamar Pitowa yana buƙatar famfo da magudanai. Shingen da aka gina ba bisa awo ba yakan fashe ya yi ɓarnar da ta fi ta da. Itacen da bai dace ba, kamar turare a bakin rijiya, yana iya shanye ruwan da ake son adanawa. Shi ma siminti yana da nasa hasarar: da Lagdo ta rage malalar kogi, masu noman masakwa a ƙasanta sun rasa damshin da suka dogara da shi. Hanyoyin biyu abokan juna ne, ta tudu tana tsawaita ran ta kwari.

Kamaru ta yi alkawari a 2017 za ta farfaɗo da hekta miliyan 12 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Ba za a auna cikar wannan alkawari da yawan dashen da aka raba ranar biki ba. Ma'auninsa a Pitowa da makamantanta abu uku ne: ko ɗan haya ya samu tabbacin shekarun da za su ishe shi cin moriyar gyaran da ya yi, ko makiyayi ya samu hanya da mashaya a cikin tsarin, ko wani kaso na kuɗin wuta da ruwa da noman rani ya fara hawa tudu. Biyun farko ba sa buƙatar bashin ƙetare, zama suke buƙata tsakanin fada da gunduma da masu gona da masu shanu. Na ukun shawara ce ta gwamnati, kuma kowace daminar da aka jinkirta ta, lakar da ke cikin Lagdo ƙaruwa take yi.